Sharhi kan ƙaramin injin APU, bayan shekara biyu ina kwana da babban inji a kashe

Duk wanda ya taɓa ratsa wurin da manyan motoci ke yada zango da dare ya san ƙugin nan mai nauyi da ba ya yankewa, wanda ke fitowa daga motocin da ke tsaye cik, fitilunsu a kashe, labulayensu a sake, amma injinansu suna ta aiki kamar yanzu za a tashi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sakaci ko almubazzaranci da mai, kuma ni ma haka nake gani kafin in fara kwana a cikin kan tirela. Na shafe shekaru ina barin injina a kan silo, wato a kunne yana juyi a hankali alhali mota tana tsaye, duk daren da ya same ni a hanya, daga baya na sa wa motar ƙaramin injin taimako da ake kira APU, wanda aka ƙera domin direba ya iya kashe babban inji ya kwanta. Yanzu na ga zafi biyu da sanyi biyu da shi, kuma ina ganin lokacin ya isa in faɗi abin da ya iya da abin da ya gagare shi.

Ba za a gane amfanin wannan na'ura ba sai an fara gane abin da ke sa direba ya bar inji a kunne, domin ita amsa ce ga wata bukata. Direban doguwar tafiya a cikin motarsa yake zaune, gadonsa yana bayan kujerarsa, kuma doka ce ke tilasta masa tsayawa ko yana so ko ba ya so. A Amurka direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta awa 10 a jere, a ƙasashen Tarayyar Turai kuwa tuƙin yini awa 9 ne a ƙa'ida, hutun yini kuma awa 11, ban da hutun mako na awa 45. Waɗannan awowi a cikin akwatin ƙarfe da gilashi ake yin su. Idan rana ta buga shi sai ya koma tanda, idan sanyi ya sauka kuma ƙarfen ba ya riƙe ɗumi ko na awa ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki ta mota da fanbel take juyawa daga jikin inji, na'urar ɗumama ɗaki kuma daga ruwan zafin inji take samun zafinta, saboda haka da zarar an murɗe makulli duka biyun sun mutu. Buɗe gilashi ba mafita ba ce, domin hayaƙin motar da ke kusa da ƙura da sauro za su shigo, ga kuma fargabar ɓarayi. Direban da bai yi barci ba kuwa, gobe shi ne zai ja tan arba'in a kan titi tare da sauran jama'a.

Dalili na biyu shi ne wuta. A cikin kan mota akwai ƙaramin firji, da cajar waya, da fitilu, da abin ɗumama abinci, wasu direbobin ma da na'urar taimaka wa numfashi suke barci, kuma duk waɗannan daga baturan da za su tayar da mota da safe suke sha. Na uku kuma tsoron sanyi ne, wanda ke da tushe mai ƙarfi. Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi, zafin matse iska ne ke kunna man, don haka idan ƙarfen ya yi sanyi ƙwarai tashi yana wuya. A lokaci guda baƙin mai ya yi kauri, batir ya rasa wani kaso na ƙarfinsa, man dizal ɗin kansa kuma yana fitar da kakin da ke toshe filta. Wanda motarsa ta taɓa ƙin tashi da asuba a wurin da babu makaniki kusa, ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa wasu ba sa yarda su kashe inji ba.

Sai dai kwana a kan silo yana da tsada ta fuska biyu. Ƙiyasin da cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ta yi ya nuna cewa babbar mota tana shan kimanin galan 0.8 a kowace awa tana tsaye, wato kusan lita 3, kuma motar doguwar tafiya takan yi kamar awa 1,800 a shekara a wannan hali, abin da ya kai galan 1,500 da aka ƙona ba tare da taya ta juya ba. Wannan ita ce asarar da ake gani a takardar mai. Wadda ba a gani ta fi ta ciwo. Babban inji mai girman lita 13 ko 15, mai ƙarfin doki ɗari huɗu zuwa ɗari biyar, an ƙera shi ne domin ya yi aiki da zafi a ƙarƙashin lodi. Idan aka bar shi yana juyi a hankali dare guda domin kawai ya juya kwamfuresan sanyi, man ba ya ƙonewa sarai, wani yana zurarewa ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, baƙin toka kuma yana taruwa. A motocin zamani matsalar ta ƙaru, domin tun daga injinan 2007 a Amurka, da kuma ƙa'idar hayaƙi ta Euro VI a Turai, akwai matatar toka a cikin salansa wadda ke bukatar zafin da ya kai wajen digiri 600 kafin ta ƙone abin da ta tara, silo kuwa yana cika ta ne ba tare da ya ba ta wannan zafi ba. Kafin in sa APU, fitilar gargaɗin wannan matata ta zama abokiyar tafiyata.

Ita na'urar da nake magana a kanta akwati ce ta ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin shasi, a gefen tankin mai. A cikinta akwai ƙaramin injin dizal mai silinda biyu, wanda girmansa bai fi rabin lita da ɗan wani abu ba, yana shan mai daga tankin motar, yana juya kwamfuresan sanyi nasa na kansa da kuma abin cajin batir. A ƙarƙashin gado ake sa akwatin da ke hura iskar sanyi, tare da wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai ƙona dizal, sannan a bango kusa da matashi akwai allon da ake saita zafi ko sanyin da ake so. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da Thermo King mai TriPac da Carrier mai ComfortPro, kuma akwai wasu ƙanana da dama. Tsarinsu ya ɗan bambanta, domin wasu janareto ne da su mai ba da wutar gida kai tsaye, wasu kuma batir suke caji sai inbata ta juya wutar batir zuwa irin ta gida, amma manufarsu ɗaya ce, kuma abin da zan faɗa ya shafi wadda na yi aiki da ita ne kawai.

Wajen sanyaya ɗaki, wanda shi ne babban abin da ya sa na saye ta, ta cika alkawari da sharaɗi guda. Idan na tsaya da yamma, na kashe babban inji alhali ɗakin yana da sauran sanyin tafiya, na ja labulen da ke raba gado da wurin tuƙi, na rufe gilashin gaba, to tana riƙe sanyin har gari ya waye ba tare da gajiyawa ba. Idan kuwa motar ta wuni a rana a kashe, ƙarfe da kujeru da katifa duk sun sha zafi, sai ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin a ji bambanci, domin ƙarfinta bai kai na na'urar sanyin babban inji ba. An yi ta ne domin riƙe sanyin ɗan ƙaramin ɗaki, kuma wanda ya bar labule a buɗe da tsakar rana yana jiran ta sanyaya dukan kan mota, shi ya zalunce ta. Na ɗauki makonni kafin in koyi wannan, kuma ina ganin da masu sayarwa suna bayyana shi tun farko da an rage yawan ƙorafin da ake yi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda barcina ya canza. Babban inji a kan silo yana girgiza gadon gaba ɗaya, girgiza mai laushi wadda mutum kan saba da ita har ya ɗauka tana taimaka masa barci, kuma akwai direbobin da za su rantse cewa ba sa iya runtsawa sai da ita. Ni ma daren farko da na kashe inji na kasa barci saboda rashin wannan jijjiga. Bayan mako guda sai na lura ina tashi da safe ba tare da nauyin kai da ɗacin maƙogwaro da na saba ɗauka a matsayin gajiyar hanya ba. Ba zan ce na'urar magani ce ba, amma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, don haka rage awowin da mutum ke kwance a saman injin lita 15 yana fitar da hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne, ko da ƙaramin injin shi ma yana da nasa hayaƙin.

Ta fuskar mai, lissafin a fili yake. APU mai dizal takan sha abin da bai wuce lita 1 a awa ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, domin ba kullum take juyi ba. Idan ɗaki ya kai sanyin da aka saita, ko batir ya cika, takan kashe kanta ta jira. Idan aka ɗauki bambancin lita 2 a kowace awa aka ninka da awa 1,800, an samu lita 3,600 a shekara, kuma da yake kowace lita ta dizal tana fitar da wajen kilo 2.6 na iskar kabon, wannan ya haura tan 9 da ba a sake a sama ba. Amma wannan lissafi na wanda ke kwana a mota mafi yawan dararen shekara ne. Wanda ke komawa gida kowane dare biyu ba zai ga rabin wannan ba, kuma zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Kafin mutum ya saya, ya kamata ya sa a duba kwamfutar injinsa, domin tana ajiye adadin awowin da motar ta yi a kan silo, kuma wannan adadi ya fi duk wata takardar talla gaskiya.

A lokacin sanyi ne na fi yaba mata. 'Yar na'urar ɗumama ɗakin ba ta bukatar ƙaramin injin ya tashi ma, wutar batir kaɗan take ja domin fanka da famfon mai, kuma irinta da kamfanonin Webasto da Eberspächer ke ƙerawa, masu ƙarfin kilowat 2, ba sa shan abin da ya kai sulusin lita a awa ko an ƙure su. Zafin da take bayarwa busasshe ne, mai yawa, har nakan rage shi cikin dare. Ban da wannan, ruwan ƙaramin injin a haɗe yake da na babban, saboda haka idan sanyi ya tsananta sai ya tashi da kansa ya zagaya da ruwan ɗumi cikin babban inji, ya kuma cika batura. Sakamakon shi ne da asuba mota tana tashi a bugu ɗaya, ba tare da farin hayaƙin nan da kakarin da injin sanyi ke yi ba. Tsoron da ya fi kowane riƙe direbobi a kan silo ke nan, kuma a nan na'urar ta kawar da shi gaba ɗaya, in dai an zuba man da ya dace da lokacin sanyi, domin ɗumin inji ba ya hana man da ke cikin tanki yin kaki.

Aibinta na farko ƙara ce. Daga cikin ɗaki ba ta kai babban inji ba, amma sautinta ya fi kaifi, irin na janareto, kuma tashi da mutuwar da take yi cikin dare sun fi damun mai barci fiye da ƙugin da ba ya canzawa. Maƙwabcin da ya tsaya a ɓangaren da take ya fi ni shan wahalarta, kuma sau biyu ana ƙwanƙwasa mini ƙofa a kan haka. Tun daga lokacin nakan duba inda salansarta ke fuskanta kafin in gyara tsayuwa.

Aibi na biyu ya fi girma, kuma shi ne wanda mai saye ya fi mantawa da shi: ka ƙara wa kanka inji na biyu. Yana da baƙin mansa, da filtar mai, da filtar iska, da fanbel, da famfon ruwa, kuma ana yi masa juye ne bisa awowin aiki, waɗanda ba sa bayyana a agogon kilomita, don haka yana da sauƙi a manta da shi. Wurin da aka ɗaure shi kuma shi ne mafi muni a jikin mota, inda ruwa da laka da ƙura da tsakuwar da taya ke watsowa suke dukansa kullum. A zafi na biyu fanbel ɗinsa ya tsinke mini da tsakar dare, na farka cikin gumi, na koma na tayar da babban inji kamar dā. Da na je gyara sai na tarar garejin da ke duba babban injin ba ya taɓa irin wannan na'ura, wanda ke taɓa ta kuma ba shi da fanbel ɗin a ajiye, sai da na yi kwana huɗu ina jira. Wani karon kuma mahaɗin tiyon ruwa ne ya fara ɗiga, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, domin da yake ruwan a haɗe yake da na babban inji, ɗigon da aka yi sakaci da shi a ƙaramin inji yana iya ƙarar da ruwan lagireto ya tsayar da motar baki ɗaya. Laifin wanda ya ɗaura ta ne, bai matse mahaɗin yadda ya kamata ba, amma darasin shi ne ingancin ɗaurawa yana daidai da ingancin na'urar, kuma ya kamata a sa famfon rufewa a kan tiyon biyu domin a iya raba injinan idan an samu matsala a hanya. Yanzu ba na tafiya sai da fanbel da filta na ajiya a akwatin kayan aiki.

Akwai kuma nauyi, domin na'urar takan kai wajen kilo 200, wanda ke ragewa daga lodin da mota za ta ɗauka. A Amurka dokar makamashi ta 2005 ta ba da rangwamen nauyi na fam 400, wato wajen kilo 180, a kan sikeli ga motar da ke ɗauke da irin wannan na'ura, aka ƙara shi zuwa fam 550 a 2012, ko da yake jihohi sun bambanta wajen aiki da shi. Dokokin hana silo ma suna cikin abin da ya tura mutane ga sayenta: jihar Kalifoniya ba ta yarda babbar mota ta wuce minti 5 a kan silo ba, kuma tun 2008 dokar ta haɗa da masu kwana a mota, a birnin New York kuwa minti 3 ne. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne Kalifoniya ta sa wa APU mai dizal nata sharaɗin, wato idan injin motar na 2007 ne ko sabo, dole ƙaramin injin ya kasance da matatar toka ko a haɗa hayaƙinsa da ta motar.

Ya kamata kuma a yi wa direbobi adalci, domin ba kowane ƙugi ne APU za ta iya kashewa ba. Motar da ta sauko daga doguwar tafiya da lodi tana bukatar minti uku zuwa biyar a kan silo domin turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ya huce, in ba haka ba baƙin man da ke cikinsa ya ƙone ya daskare. Da safe kuma birkin iska ba ya sakin taya sai kwamfuresan babban inji ya cika tankunan iska. Motar kwaɓa siminti da wasu tankokin da ke sauke kaya da famfo daga babban inji suke samun ƙarfi. Sannan yawancin ƙarar da mutane ke ji daga tirelolin sanyi ba ta injin mota ba ce sam, ta injin firjin da ke gaban bodi ce, wanda ba a isa a kashe shi ba muddin akwai kayan da za su lalace a ciki. Abin da na'urar ta ɗauke shi ne silon kwana da na dogon jira a wurin lodi, kuma su ne suka fi cin mai.

Na gwada tunanin sauran hanyoyin kafin in tsaya a kan wannan. Akwai APU mai batir zalla, wadda ba ta da ƙara ko hayaƙi ko juye, kuma ga mai hutun awa goma a yanayi matsakaici ita ce ta fi daɗi. Matsalarta ita ce a tsananin zafi, ko a hutun mako mai tsawo, baturan suna ƙarewa sai an tayar da babban inji ya cika su. Akwai tsarin da ke tayar da babban inji ya kashe shi da kansa gwargwadon zafin ɗaki, wanda ke rage mai amma yana tashin mai barci duk lokacin da injin ya buga. Wasu wuraren kwana kuma suna da wutar da ake jona wa mota, sai dai direba ba shi da tabbacin samun gurbi a irinsu a daren da yake bukata.

Hukuncina ya danganta ne da irin hanyar da mutum ke bi. Wanda matsalarsa sanyi ce kawai, kada ya wahalar da kansa da inji na biyu, 'yar na'urar ɗumama ɗaki ta ishe shi, ga ta da sauƙin nauyi da sauƙin kulawa. Wanda ke tafiya a ƙasar zafi, ko yake ratsa zafi da sanyi duka, yana kwana a mota dare huɗu ko biyar a mako, kuma yana da niyyar riƙe motar shekaru, APU mai dizal za ta biya shi, da sharaɗin ya tabbatar akwai masu gyaranta da kayanta a kan hanyoyin da yake bi, ya kuma rubuta awowin juyenta a inda idonsa zai riƙa gani. Ni dai da zan canza mota gobe zan sake sa ta, amma wannan karon zan tsaya a kan mai ɗaurawa har ya gama, in duba kowane mahaɗin tiyo da hannuna kafin in bar garejin.